Raƙumi da Kafar Allura: Adon Harshe a Cikin Littafi Mai Tsarki

Karatu: Markus 8:14-21

Wanda Littafi Mai Tsarki yake kusa da shi ya ɗauko, gama yau za mu buɗe wurare da dama.

A wurin da muka karanta, Yesu da almajiransa suna cikin jirgi suna haye teku. Almajiran sun manta da guzuri, gurasa ɗaya tak ke gare su. Sai Yesu ya gargaɗe su a kan yistin Farisiyawa da na Hirudus. Da jin an ambaci yisti, sai hankalinsu ya tafi wajen abinci, suka fara ce wa juna ai don ba su zo da gurasa ba ne. Mutanen nan fa sun ga an ciyar da mutum 5,000, sun ga an ciyar da 4,000, da hannunsu suka kwashe ragowar. Yesu ya tsawata musu ƙwarai. Matiyu ya ƙara mana cewa daga baya ne suka gane, ashe ba yistin gurasa ake nufi ba, koyarwa ake nufi. Ba su kaɗai ba ne. Nikodimu, babban malami, da aka yi masa zancen sake haihuwa, sai ya tambaya yadda tsoho zai koma cikin uwarsa. Da Yesu ya ce Li'azaru yana barci, almajirai suka ce to ai zai warke, sai da ya fito musu fili cewa mutumin ya mutu.

Irin wannan magana, wadda ake faɗin abu ɗaya ana nufin wani, malaman Hausa suna kiranta adon harshe. 'Ya'yanmu da suke ɗaukar darasin Hausa a sakandare sukan dawo gida da sunayen rassanta: kamantawa, siffantawa, mutuntarwa, kambamawa, alamtarwa da sauransu. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin waɗanda suka tsara waɗannan sunaye domin nazarin waƙoƙin Hausa. Yara sukan haddace su saboda jarrabawa, a gama jarrabawa su manta. Yau ina so mu are su, mu shiga da su cikin Littafi Mai Tsarki. Dalilina shi ne, wanda bai san lokacin da Maganar Allah take magana da ado ba, yakan ɗora wa kansa da iyalinsa kayan da Allah bai ɗora ba, wani lokaci kuma ya sauke wanda Allah ya ɗora.

Wani zai ce, Malam, ashe akwai inda Littafi bai nufi abin da ya faɗa ba? Wannan ba ƙarya ke nan ba? A'a. Idan 'yar'uwa ta tashi a majami'a ta ce tana farin ciki, ba wanda zai kai ta asibiti a duba launin cikinta. Wanda ya sha wahala ba a ƙoƙo ya sha ta ba. Rana tana faɗuwa kowace yamma, ba mu taɓa jin ƙarar faɗuwarta ba. Duk gaskiya muke faɗa, kowa kuma ya gane. Allah ya yi magana da mutane da irin harshen da mutane suke yi.

Mu kuwa muna da wata wahala ta musamman. Yawancin masu sauraron wannan shiri ba Hausa suka sha a nono ba. A gida ana Berom, ko Ngas, ko Tarok, ko Jju, ko Tangale, ko Bura, ko Bachama, ko Eggon. A harshen uwa, idan an yi habaici ko gatse, kunne yakan kama tun ba a rufe baki ba. A harshe na biyu, balle a rubuce inda ba murya ba fuska, mutum yakan ɗauki kalma yadda ta zo. Ga shi kuma Littafin ya yi doguwar tafiya kafin ya iso hannunmu. An rubuta Tsohon Alkawari da Ibraniyanci, wurare kaɗan da harshen Aramiya, Sabon Alkawari kuma da Helenanci. Cikakken Littafin ya fito da Hausa a 1932, wani sabon juyi kuma a 1979. Sunayen littattafai da zan ambata na juyin 1979 ne, sai masu tsohon juyi su yi haƙuri: inda na ce Karin Magana, naku Misalai ne, inda na ce Wahayin Yahaya, naku Ru'ya ta Yohanna.

Kamantawa da siffantawa

Kamantawa ita ce a ce wannan kamar wancan yake. Ba ta da wuyar ganewa, gama kalmar kamar, ko sai ka ce, ko tamkar, tana tsaye a wurin tana nunawa. Siffantawa ita ce a cire kalmar kamar, a ce kai tsaye wannan shi ne wancan. Yaron nan kamar zaki yake, kamantawa ke nan. Yaron nan zaki ne, siffantawa ke nan. Sa'ad da Yesu ya kira kansa ƙofa, ko kurangar inabi, ko gurasa, sa'ad da ya kira almajiransa gishiri da haske, siffantawa yake yi.

Aikin mai karatu shi ne ya nemo inda abubuwan biyu suka yi kama, ya tsaya a nan. Bulus ya gaya wa Tasalonikawa cewa ranar Ubangiji za ta zo kamar yadda ɓarawo yakan zo da dare. Ba a ce Ubangiji yana da halin ɓarawo ba. Abu ɗaya aka ɗauko daga ɓarawo, wato ba ya aiko da saƙon ranar zuwansa. Shi ya sa hoto ɗaya yakan yi aiki biyu. A Wahayin Yahaya sura 5 an kira Yesu zaki, saboda sarauta da nasara. A 1 Bitrus sura 5 an kamanta Iblis da zaki, saboda farauta da cinye nama. Yisti mugun abu ne a karatunmu na yau, amma a Matiyu 13 da shi aka kamanta Mulkin Sama, domin kaɗan daga cikinsa yakan game ƙullu duka. Mai wa'azin da ya ce yisti kullum zunubi ne a Littafi, zai makale in ya iso wannan sura.

Wani lokaci hoton ne baƙo a gare mu. Annabi Ishaya a sura 1 ya kamanta wanda aka gafarta wa da dusar ƙanƙara. Mutanen Ishaya sun san ta, tana rufe kan Dutsen Harmon kowane hunturu, takan sauka a Urushalima jifa-jifa. Mu ƙanƙarar da muka sani ita ce mai farfasa ganyen masara. Farin kawai ake nufi, irin farin audugar da ta buɗe a gona. Wani lokaci kuma hoton mun san shi, amma zamani ya ɓata mana shi. A wasu ƙauyukanmu, saboda abin da ya faru tsakanin manoma da makiyaya a shekarun nan, kalmar makiyayi ba ta kawo kwanciyar rai. Yaron da ya taso cikin wannan tsoro, in an karanta masa Zabura 23 ko Yahaya 10, wane hoto yake gani? Sai iyaye su zauna su gaya masa irin makiyayin da ake zance. Shi ne mai tafiya gaba tumaki na binsa domin sun san muryarsa, mai ƙirga su da yamma, irin Dawuda wanda ya bi zaki ya ƙwace ɗan rago daga bakinsa. Kakanni da yawa sun yi kiwon awaki suna yara, sun fi kowa iya wannan bayani.

Kambamawa

A nan zan daɗe kaɗan, domin a nan aka fi jin ciwo. Kambamawa, wasu su ce zuguguntawa, ita ce a girmama abu fiye da kima da gangan, domin maganar ta shiga. Uwa takan ce wa ɗanta na kira ka sau dubu. Manomi ya dawo daga gona ya ce yunwa za ta kashe shi. Ba mai ƙirgawa, ba mai haƙa kabari.

Yesu ya yi amfani da wannan salo ƙwarai. Ya yi zancen mutum mai gungume a idonsa yana neman cire ɗan haki daga idon ɗan'uwansa. Ya yi zancen malamai masu tace ƙwaro daga abin sha, su haɗiye raƙumi. Na tabbata mutanen da suka fara jin waɗannan sun yi dariya kafin maganar ta soke su. Ya ce shigar raƙumi ta kafar allura ta fi sauƙi a kan shigar mai arziki Mulkin Allah. Wataƙila kun taɓa jin an yi wa'azi cewa wai akwai wata ƙaramar ƙofa a Urushalima mai suna Kafar Allura, wadda raƙumi yake iya shiga in ya durƙusa aka sauke masa kaya. Labarin yana da daɗi, amma ba wata shaida daga zamanin Yesu cewa an yi irin wannan ƙofa. Ɗaruruwan shekaru bayan haka ne labarin ya ɓullo. Ku duba Markus 10 ku ga yadda almajirai suka karɓi maganar. Sun firgita, suka tambaya wa zai tsira ke nan. Yesu kuma ya amsa cewa ga mutum abin ba ya yiwuwa, sai ga Allah. Da ƙaramar ƙofa ce, da ba su firgita ba. Raƙumi na gaske ne, allura ta ɗinki ce, an kuma haɗa su ne domin mu san ba mai ceton kansa.

A Matiyu 5 Yesu ya ce idan ido ko hannu yana sa mutum zunubi, gara a raba shi da jiki. Yaya muka san kambamawa ce? Da farko, ba manzo ko ɗaya da ya yi haka, ba ikkilisiyar da aka umarta ta yi haka a cikin wasiƙu. Na biyu, Yesu da kansa a Markus 7 ya koyar cewa daga zuciya mugunta take fitowa. Mai ido ɗaya yana iya yin sha'awa, mai hannu ɗaya yana iya yin sata. Amma kada mu ce tun da ado ne, shi ke nan an huta. Abin da adon yake ɗauke da shi yana da nauyi: ka rabu da duk abin da yake jan ka zuwa zunubi, ko da rabuwar za ta yi zafi kamar yankan hannu. Ga wani abota ce, ga wani gidan burkutu, ga wani aikin da ba ya yiwuwa sai da cin hanci, ga wani wayar da take aljihunsa.

Ga wadda ta fi shafar gidajenmu. A Luka 14:26 Yesu ya ce mai binsa sai ya ƙi uwa da uba, da mata da 'ya'ya, har da ransa. Gidaje da yawa a cikinmu suna da tsofaffi waɗanda ba su bar al'adar kakanni ba, wasu kuma suna da dangi a wani addini. Sabon mai bi mai zafin himma ya karanta wannan aya, sai ya daina gaishe da mahaifinsa, ya daina aika hatsi gida, yana ganin biyayya yake yi. 'Yan'uwa, wannan kuskure ne mai tsanani. A bakin Ibraniyawa, in an jera ƙauna da ƙi, sau da dama ana nufin fifiko ne. Ku duba Farawa 29. Aya 30 ta ce Yakubu ya fi ƙaunar Rahila a kan Lai'atu, aya 31 kuma a Ibraniyanci ta kira Lai'atu wadda aka ƙi. Abu ɗaya ake faɗa. Matiyu 10:37 ya kawo wannan koyarwa ta Yesu a fili, cewa wanda ya fi ƙaunar iyayensa a kan Yesu bai cancanci Yesu ba. Wannan Yesun ne kuma ya tsawata wa Farisiyawa a Markus 7 don suna koya wa mutane su hana iyayensu taimako da sunan an keɓe wa Allah dukiyar. Yana kan gicciye ma bai manta da uwarsa ba, sai da ya danƙa ta a hannun almajirinsa. Bulus kuma ya gaya wa Timoti cewa wanda bai kula da danginsa ba ya fi marar bi muni. Saboda haka in uba ya ce ka zo ka yi yanka a wurin tsafi, za ka ce a'a cikin ladabi, ko da zai yi fushi. Washegari kuma ka ɗauki fartanya ka je ka nome masa gona.

Kun ga hanyar da muka bi. Mun duba abin da ya zo kafin ayar da bayanta, muka duba yadda mutanen wurin suka gane ta, muka nemi inda aka faɗi abu ɗaya a fili. Ba sai an je makarantar tauhidi kafin a iya wannan ba.

Mutuntarwa, gatse, da tambaya

Mutuntarwa ita ce a ba abin da ba mutum ba halin mutum. A Zabura 98 koguna suna tafi. A Karin Magana 8 hikima mace ce, tana tsaye a mararraba tana kira. A Farawa 4 jinin Habila yana kuka daga ƙasa. Wannan aya ba ta koyar cewa kurwar wanda aka kashe tana yawo tana neman a rama mata ba. Tana cewa ne Allah ya ga kisan da aka yi a ɓoye, shari'ar kuma tasa ce.

Gatse kowa ya san shi. Uwa ta ga yaro yana wasa da wuƙa ta ce, yawwa, ci gaba. Yaron da ya ci gaba zai sha mamaki. Wahalar ita ce a takarda ba a jin murya. A 1 Sarakuna 22 Sarki Ahab yana shirin yaƙi a Ramot-gileyad, annabawa wajen 400 sun ce masa ya tafi zai yi nasara. Aka kirawo Mikaiya, shi ma ya faɗi abin da suka faɗa. Mai karatu da sauri zai ce annabin Allah ya yarda. Amma Ahab, wanda ya ji muryar da kunnensa, nan take ya husata ya ce a gaya masa gaskiya. Daga amsar sarki muka san gatse ne. Haka Iliya a Dutsen Karmel ya ce wa annabawan Ba'al su ɗaga murya, wataƙila allahnsu barci yake yi. Haka Amos a sura 4 ya gayyaci Isra'ila su zo Betel su yi zunubi. Wanda ya tsinke aya irin wannan ita kaɗai zai sa annabi ya faɗi kishiyar abin da yake nufi.

Akwai kuma tambayar da ba ta neman amsa. In babba ya ce wa yaro, ni sa'arka ne, ba labari yake nema ba. Da Allah ya tambayi Adamu inda yake, ba ɓace masa ya yi ba. Daga Ayuba 38 Allah ya jero tambayoyi sura bayan sura, Ayuba kuwa ya gane amsar ita ce ya rufe baki.

Karin magana ba alkawari ba ne

Iyaye mata na zumunta, wannan taku ce. Karin Magana 22:6 tana koyar cewa yaron da aka goya a hanyar kirki ba zai bar ta ba ko ya tsufa. Akwai uwa da ta kai ɗanta makarantar Lahadi tun yana goye, ta yi masa addu'a, ta hore shi, yau yana birni yana shaye-shaye. Ta karanta wannan aya sai ta ce ɗayan biyu ne, ko Allah bai cika alkawari ba, ko ni ce na kasa. Wasu ma a ikkilisiya sukan taya ta ɗaukar na biyun.

Amma mu da muka taso a bakin tsofaffi mun san yadda karin magana yake aiki. Yana faɗin abin da aka saba gani ne, a taƙaice, domin a yi hikima. Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shi ne kuma ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Duka biyu gaskiya ne, mai hankali ya san ranar da ake jawo kowanne. Littafin Karin Magana da kansa ya nuna mana haka. A sura 26, aya 4 ta hana a amsa wa wawa bisa ga wautarsa, aya 5 kuma ta ce a amsa masa. Wanda ya jera su kusa da juna ba mantuwa ya yi ba. Sama'ila annabi ne, amma 'ya'yansa sun karɓi hanci. Hezekiya sarki ne mai tsoron Allah, ɗansa Manassa ya cika Urushalima da gumaka. Yosiya kuwa, ɗan mugun sarki Amon, shi ya gyara ƙasar. Ezekiyel 18 ta yi zancen adalin uba mai mugun ɗa, ba ta kuwa ɗora wa uban laifi ba. A farkon Ishaya, Allah da kansa ya yi kukan 'ya'yan da ya goya suka tayar masa. Ki ci gaba da goyo da horo, gama haka aka saba samun 'ya'yan kirki. Ki ci gaba da addu'a domin wanda ya bauɗe. Amma kada ki bar wani ya mai da karin magana sandar dukanki.

Waƙar Ibraniyawa

Kusan kashi ɗaya cikin uku na Tsohon Alkawari waƙa ne. Rubutacciyar waƙar Hausa tana tafiya da amsa-amo, wato ƙarshen layuka su yi sauti iri ɗaya. Ta Ibraniyawa ba haka take ba. Ma'ana ce take amsa wa ma'ana. Layuka suna zuwa kamar tagwaye, na biyu ya sake faɗin na farko da wasu kalmomi, ko ya kawo kishiyarsa, ko ya ƙara a kansa. Wani malamin Ingila mai suna Robat Lawut, wanda daga baya ya zama bishop, shi ya bayyana wannan tsari a littafin da ya fitar a 1753. Amfaninsa a gare mu shi ne, in layi ɗaya ya yi duhu, ɗan'uwansa yakan haska shi, kuma ba a raba tagwaye. Karin Magana 10:1 ta haɗa ɗa mai hikima da murnar uba, wawan ɗa kuma da baƙin cikin uwa. Ba a ce uwa ba ta murna da ɗan kirki ba, ko uba ba ya jin zafin wawa. Iyaye biyu ake nufi a layuka biyun. Abin godiya shi ne irin wannan ado ba ya mutuwa a fassara. Ko an juya Zabura zuwa Mwaghavul ko Margi, tagwayen suna nan.

Akwai adon da ba ya tsallake fassara. Zabura 119 tana da aya 176, an kasa su kashi 22, kowane kashi aya 8, domin haruffan Ibraniyanci 22 ne, kowace aya a cikin kashi tana farawa da harafin kashin. Yabon macen kirki a ƙarshen Karin Magana 31 shi ma aya 22 ne a kan wannan tsari. Da Hausa ba za mu gan shi ba, amma ba abin da ya ragu daga saƙon.

Misali

Misali labari ne da aka shirya domin ya kama mai ji. Ku tuna Annabi Natan a 2 Sama'ila 12. Dawuda ya ɗauki matar Uriya, ya sa an kashe mijin. Wa zai shiga fada ya gaya wa sarki haka? Natan ya zo da labarin mai arziki mai garkuna, wanda ya yi baƙo, ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta matalauci ya yanka. Dawuda ya husata, ya yanke hukunci a biya ninki huɗu, kamar yadda Fitowa 22 ta tsara. Sai da ya gama yanke wa kansa shari'a, sa'an nan Natan ya nuna masa ko wane ne mutumin. Tsofaffinmu sun san wannan dabara, da ita ake yi wa babba faɗa.

Tambayar da za a yi wa misali ita ce, mene ne jigonsa, wato babbar maganar da ya zo da ita? Sau da dama Littafin yakan faɗa. Luka 18 ta fara da gaya mana cewa misalin gwauruwa da mugun alƙali domin a nace da addu'a ne, ba don a ce Allah yana da halin alƙalin ba. Akwai misalin da Yesu ya fassara gaɓa-gaɓa, kamar na mai shuka. Inda bai yi haka ba, mu yi hankali.

A nan ne rami na biyu yake. Na farko shi ne ɗaukar ado a kan zahiri. Na biyu shi ne mai da kome ado domin a guje wa biyayya. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, babban malami ne wanda ikkilisiya take amfana da shi har yau. Amma da ya zo kan misalin Basamariye a Luka 10, sai ya ba kowane abu ma'ana ta ɓoye. Mutumin da aka yi wa fashi Adamu ne, 'yan fashin Iblis ne da mala'ikunsa, Basamariyen Almasihu ne, masaukin ikkilisiya ce, mai masaukin kuma Manzo Bulus. Yana da daɗin ji, akwai kuma gaskiyar bishara a ciki. Sai dai masanin Attaura ya yi tambaya ne a kan wane ne maƙwabcinsa. Hanyar Urushalima zuwa Yariko hanya ce ta gaske, wajen kilomita 27, mai gangara cikin duwatsu, 'yan fashi sun san ta. Samariyawa kuma abokan gaba ne na gaske, Yahudawa sun rushe musu haikali a Dutsen Gerizim fiye da shekara 100 kafin haihuwar Almasihu. Yesu ya ɗauki mutumin kabilar da ake ƙi ya mai da shi gwarzon labarin, ya kuma sallami mai tambayar da umarni ya je ya yi haka. A garuruwanmu da aka raba unguwanni, wannan kabila nan, wancan addini can, ya fi mana sauƙi mu yi wa'azin masauki da mai masauki da a ce mu tsaya wa mutumin wancan gefe in ya faɗi a hanya. Labarin misali ne, amma umarnin da ya biyo baya ba ado ba ne. Haka tashin Yesu daga matattu, da hana zina, da hana ramuwa: an faɗe su a fili, a fili kuma za a karɓe su.

Alamtarwa

Alamtarwa ita ce a sa wani abu ya tsaya a madadin wani, kamar yadda tuta take tsayawa a madadin ƙasa. Daniyel da Wahayin Yahaya cike suke da ita. Wahayin yakan fassara alamunsa da kansa. Fitilu bakwai ikkilisiyoyi bakwai ne, turare addu'o'in tsarkaka ne, macijin nan Shaiɗan ne, ruwaye masu yawa al'ummai ne. Ɗan Ragon da yake da ƙaho bakwai da ido bakwai, ba wanda yake tsammani haka siffar Yesu take. Ƙaho iko ne, ido sani ne, bakwai kuma cika ce.

To, ga lamba 666 a sura 13. Duk lokacin da aka zo da sabon katin shaida, ko rajistar banki, ko allurar rigakafi, sai a sami mai cewa alamar dabbar ce, har wasu su hana 'ya'yansu magani. Ku lura da abu biyu. A cikin littafin, karɓar alamar tana tafiya tare da yi wa dabbar sujada, bayin Allah kuma suna da nasu hatimi a goshi, wanda ba mai cewa tawada ce. Goshi da hannu tun daga Maimaitawar Shari'a 6 suna nuna tunanin mutum da aikinsa, wato wa yake mallakarsa. Ba a karɓar irin wannan alama bisa kuskure a layin asibiti. Na biyu, a Helenanci da Ibraniyanci haruffa su ne lambobi, saboda haka kowane suna yana da jimla. Masana da yawa sun lura cewa sunan Kaisar Nero, wanda ya tsananta wa masu bi a Roma a shekara ta 64, in an rubuta shi da haruffan Ibraniyanci yana ba da 666. Tun wajen shekara ta 180, Ireniyas, bishop na Liyon a ƙasar Faransa ta yau, ya nuna cewa sunaye da dama suna iya ba da wannan jimla, ya kuma shawarci masu bi su daina cace-cacen suna, su jira. Wanda ya zo gidanku da lissafi a takarda, ku tambaye shi ko abin da yake tsorata ku da shi ya ce ku yi musun Yesu. In bai ce ba, ku kai yaran a yi musu allura.

Kafin mako mai zuwa, a lokacin addu'ar iyali, ku karanta Littafin Mahukunta 9:7-21, inda Yotam ya ba da labarin itatuwan da suka fita neman sarki. Wanda yake da kaka a gida ya juya mata labarin da harshenku, ya tambaye ta ko akwai tatsuniya irinta a wurinku, da kuma wanda ake yi wa ita. Daga nan za mu tashi in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.